Mai Lasin a Gaba, Direba Mamu

Ni dai ban taɓa son motar nan ba. Tun da aka kawo ni gidan mijina a Bebeji na tarar da ita a gindin tsamiyar ƙofar gida, ƙatuwar lori mai bodin katako, tana ɗigar da baƙin mai, kaji na takawa suna shigo mini da shi har tsakar gida. Ta wani Alhaji ce ɗan kasuwa a Kano, maigidana ke tuƙa masa. Ya kwashi gyaɗa da dawa daga Kiru, Tudun Wada har Doguwa, ya komo da gishiri da kananzir. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, kuma direba a garinmu ba ƙaramin mutum ba ne. In ya karkata hula ya rataya tawul a wuya, gaisuwar ma sai ya zaɓi wadda zai amsa.

Ina da cikin fari birki ya ƙi masa a gangaren marina. Masu rini suka watsar da kaya suka ranta a na kare, ba wanda ya ji ko ƙwarzane, amma motar ta tsoma hanci cikin karofi ta fito shuɗiya har fitilu. Magana ta kai kotu a Kano. Can aka gano wai inshorar motar ta daɗe da ƙarewa, Alhaji bai sabunta ba. Mu a gida ba mu san ma mene ne inshora ba. Maigida ya ce takarda ce wadda in mota ta yi ɓarna ita za ta biya. Uwarsa ta ce ashe Turawa ma suna da laya, to me ya hana a rataya wa motar tun farko? Joji dai bai tambayi ra'ayinta ba. Ya ci Alhaji tara, shi kuma maigida ya ƙwace masa lasin na shekara guda, ya ja masa kunne cewa in aka sake ganinsa riƙe da sitiyari kafin lokacin ya cika, gidan yari zai kwana, kuma shi da lasin har abada.

Wallahi ban san Allah ya yi mini rahama da tafiye-tafiyensa ba sai da ya zauna a gida. Mutumin da bai taɓa sanin inda murhu yake ba ya koma koya mini hura wuta. Ya kwance mini mariƙin guga wai zai gyara, ya bar ni da igiya. In ya gaji ya zauna kan turmi ya ɗauki faifaina yana juyawa, yana kukan inji da baki, har da canza giya. Alhaji ya sabunta inshora, ya kuma aiko cewa kaka ta yi, kaya na jira, in ba wanda zai motsa motar zai turo wani direba ya tafi da ita. Daga ranar maigida ya daina cin tuwo sai ya tsakura.

To, a gidan akwai wani lasin. Surukina, wanda kowa ke ce wa Baba, tsohon soja ne. Ya je yaƙin Bama, can ya tuƙa motar soja, ya dawo da lasinsa, ya sa baduku ya ɗinka masa gidan fata yana ratayawa a ƙarƙashin riga. Duk shekara sai ya je Kano ya sabunta shi, amma a kan jaki yake zuwa. Tun da ya dawo ba wanda ya taɓa ganin ƙafarsa a cikin mota, ko ta ɗansa. In an tambaye shi ya ce motocin yanzu gwangwani ne, wanda ya tuƙa a duwatsun Bama ba zai zubar da girmansa a hanyar Kiru ba. Da yamma kuwa a dandali ba a jin muryar kowa sai tasa: giwaye sun tare hanya, ruwa ya yi wata yana zuba, shi ya ratsa kogi da mota kifi na leƙowa ta taga. Yara sun haddace labaran har suna gyara masa in ya tsallake wani wuri.

Limamin unguwarmu ne ya haɗa lasin nan da motar. Bayan la'asar suna zaune a zaure, ni ina bayan ƙofa ina tsince shinkafa, kunnena na wajensu. Liman yana da buhunan dawa a wata gona wajen Kiru da ya rasa yadda zai kwaso. Ban ce buhunan ne suka yi fatawar ba, Allah ya jiƙansa, amma dai da su a lissafin. Ya ce shi ya duba lamarin bai ga wahala a ciki ba. A salla, wa ke karatu? Liman. Mamu ya yi shiru ya bi, karatun liman ya ɗauke masa, ko rafkanuwa ya yi liman ya ɗauke. To haka mota. In mai lasin yana gaba, direba mamu ne. Ya ce ku duba ma ku gani, in mamu ɗaya ne a ina yake tsayawa? Dama da liman. Su kuma Turawa ina suka sa sitiyari? A dama. Ashe su ma sun san hukuncin, ɓoyewa suke yi.

Zaure ya ɗauka da Allah ya ƙara ilimi. Liman ya ƙara da sharuɗɗa: a sa wa Baba matashi a baya don ya ɗan fi yaron gaba, kuma kada direba ya kuskura ya riga limaminsa, ba zai taɓa giya ba sai Baba ya faɗa. Kowa ya juya yana kallon Baba. Mutumin da ba a iya tsayar da bakinsa, ran nan ya yi ta juya goro a hannu. Ya ce jakinsa ba shi da lafiya, aka ce ai ba da jaki za a je ba. Ya dubi ɗansa, wanda ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa, sannan ya ce to, da wata murya da ban san shi da ita ba.

Da maigida ya shigo na ce masa ni ban yi karatu ba, amma na san 'yan doka ba a bayan limaminmu suke salla ba. Na ce in aka ɗaure shi, ranar suna wa zai tsaya a ƙofar gidan ubana, faifai? Ya ce maganar ilimi ake yi, in bar abin da ba fagena ba. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don ba abin da nake gani a idona sai jaririna ranar suna, ana nuna shi ana cewa ubansa na fursuna.

Lokacin tafiyata goyon ciki gidanmu a Doguwa ya zo daidai da tafiyar farko, aka ce ai shi ke nan, a tafi da ni. Liman ya zo da kansa da safe ya tsara sahu. Baba a hagu da matashinsa, maigida a dama, ni kuma a bencin da ke bayansu, don a cewarsa mace dama a baya take tsayawa. Fasinja suka cika bodi a kan buhunan gishiri, mata da ƙwarya, Fulani biyu da sandunansu, da wani mai tallan tabarmi. Aka murɗa handul, motar ta yi tari ta tashi.

Daga inda nake ƙeyar Baba kawai nake gani da gefen fuskarsa. Ba mu fita gari ba na lura idonsa a rufe yake gam. Hannunsa ɗaya ya damƙe katakon ƙofa, gumi na bin wuyansa tun rana ba ta yi zafi ba. Na ɗauka zazzaɓi ne. Amma da kunne yake jin injin, ya ce ta biyu, maigida ya sa ta biyu, ya ce ta uku, a sa ta uku. Har muka ɗauki buhunan liman a wajen Kiru abin na tafiya lafiya lau, maigida har ya karkata hula.

A hanyar Tudun Wada ne aka fara samun rafkanuwa. Muka gangara wani rafi, muka hau 'yar gadar katako, katakai suka yi ƙara a ƙarƙashinmu, sai Baba ya ɗauke wuta. Ga hawa a gabanmu, mota na cikin babbar giya tana shaƙewa tana karkarwa, maigida ya ɗora hannu a kan giya amma ba halin ya riga liman. Ya waiga ya dubi ubansa, ya ce a hankali, "Subhanallahi." Shiru. Ya ƙara da ƙarfi. Fasinjan da ke kusa suka ji suka kama, kafin ka ce me duk bodi ya ɗauka da Subhanallahi, har da ni, don motar ta fara ja da baya. Sai Baba ya zabura ya ce ta ɗaya. Da muka kai kan tudu mai tabarmi ya leƙo ta tsakanin katakai yana tambaya ko ƙabli za a yi ko ba'adi.

Ana hango rimayen Tudun Wada muka tarar da shinge, gora a kan durom biyu, da 'yan doka masu duba motoci a inuwar ɗorawa. Da wani direban ne, da tun daga nesa ya tsaya ya canza wuri da mai lasin, ko ya tsallaka daji. Nawa kuwa ya matsa hon, ya taka birki a gaban gorar da yanga, ya yi sallama. Sajensu, wani dogo mai gashin baki da tabo a kumatu, ya zo ya nemi takardu. Aka ba shi inshora sabuwa fil. Ya nemi lasin, Baba ya zaro nasa daga wuya. Saje ya dubi hoton, ya dubi Baba, ya dubi wanda ke riƙe da sitiyari.

Maigida ya gyara murya ya yi masa bayani tiryan-tiryan, da mamu, da dama da liman, har ya nuna masa matashin. Saje bai katse shi ba. Da ya gama ya kira sauran 'yan dokan ya ce ya maimaita musu. Ya maimaita, har da ƙarin nasa. Wani kurtu ya tambaya, to in alwalar mai lasin ta karye a hanya, motar tsayawa take yi? Suka yi ta dariya har saje ya zauna a kan durom yana share hawaye. Ni kuwa a baya kunya kamar in nutse, na ja mayafi na rufe fuska.

Da dariya ta ƙare saje ya miƙe, fuskarsa ta koma wata iri. Ya ce motar shuɗiyar hanci guda ɗaya ce a hanyar nan, kuma yana kotu ranar da aka yanke hukunci. Ya ce maigida ya sauko. Na ji ƙarar ankwa kafin in gan ta. Hular maigida ta faɗi ƙasa bai ko duba ta ba, sai ranka ya daɗe yake ta yi, muryarsa ta koma ta yaro. Na dafe benci.

Baba ne ya yi magana. Ya sauko ya tsaya ƙyam, ya faɗi bataliyarsa da inda suka yi yaƙi, ya ce shi ne direban motar nan. Saje ya daɗe yana kallonsa, da alama shi ma ya taɓa sa kakin soja. Ya waiga ya ga cikina. Sannan ya ce shi dai ya ga yaro a kan sitiyari, amma rana na dukan idonsa, mai yiwuwa ne bai gani da kyau ba. In dattijo ya tuƙa motar nan da hannunsa har kasuwar Tudun Wada, to idonsa ne ya yi ƙarya. In kuwa bai iya ba, yaron zai kwana a hannunsu, gobe Kano.

Baba ya zagaya ta dama. Ya tsaya a bakin ƙofar har na ɗauka ba zai hau ba. Ya cire takalmansa ya ajiye a ƙasa, ya hau, ya ɗora hannu a kan sitiyari. Sai ya ce kowa ya sauka, shi ba ya ɗaukar mutum. Saje ya ce ba haka aka yi ba. Baba ya sunkuyo wajensa ya rage murya, amma ni ina bayansa, na ji.

"Saje, rabona da sitiyari tun Bama. Yara ne sojoji cike da bayan mota, 'yan ƙasar nan, suna waƙa. Hanya ta zabtare da mu a kan gada. Da na farfaɗo na yi ta kira, ba wanda ya amsa."

Wannan labarin ba ya cikin waɗanda yara suka haddace. Saje ya ɗaga hannu aka sauke fasinja. Baba bai waiga ba ya ce, "'Yar nan, sauka." Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Kada wani ya ce jarumta ce. Ƙafafuna sun kumbura, rana ta take, kuma raina a ɓace yake da dukansu, da liman da buhunansa. Ga tausayin tsohon nan ya cika mini ƙirji, na ga in na sauka na yarda ke nan cewa shi mai kashe mutane ne. Na ce, "Baba, ba zan sauka ba. Kai za ka kai mu."

Maigida, da ankwa a hannu ɗaya, ya murɗa handul da ɗayan. Baba ya yi bisimilla, ya sa giya ta ɗaya, wannan karon ido a buɗe.

Ban taɓa ganin tafiya irin ta ran nan ba. Giya ta ɗayan nan bai fita daga cikinta ba. Fasinja na biye da mu a ƙasa, suna tsayawa su jira mu. Saje ya hau matakin ƙofa, ya gaji ya sauka ya ja kekensa. Jakai ɗauke da kara suka wuce mu. Wata tsohuwa da itace a ka ta cim mana, ta gaida Baba, ta tambaye ni watan haihuwa, ta ba ni shawara a kan kunun kanwa, sannan ta ce ita tana sauri ta yi gaba. Fulanin nan biyu suka ce a mayar musu da kuɗin mota, aka ce ai ba a iso ba, suka ce su ai sun kusa. Maigida ya shiga gaban mota yana tafiya da baya-baya yana nuna wa ubansa ramuka, Baba ya leƙa ya ce ya kauce masa ko ya ci ƙaniyarsa. Bayan rigar Baba ta jiƙe sharkaf, ina jin yana ta karanta abin da ya sawwaƙa. Ni ma ina yi, ina kuma danne dariya, don ban san wanne ya kamata ba.

Mutanen kasuwa suka fito suna kallo, wasu na tambaya ko gawa aka ɗauko. Baba ya tsaya a gindin rimi, ya kashe inji. Bai saki sitiyari ba, bai kuma juyo ba.

"'Yar nan, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

"Ku biyun?"

"Mu biyun."

Sai ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na motsi. Na kau da kai, don bai kamata in ga wannan ba. Saje ya kwance ankwar, ya miƙa wa Baba lasinsa da hannu biyu, ya ce lalle idonsa ya fara lalacewa. Ya juya kan maigida kuma ya ce masa daga nan har Doguwa akwai masu ido lafiyayye, kuma duk zai ba su labarin mamu, saboda haka ko hon ya taɓa kafin shekara ta cika ya kuka da kansa.

Haka Baba ya zama direba, maigida ya koma karen motar ubansa, yana murɗa handul yana sa waigi a taya, tawul ɗin ma ya daina ratayawa. A hankali Baba ya yarda ya ɗauki mutane, ya kuma kai giya ta biyu, amma bai taɓa wuce nan ba. Masu sauri suka daina shiga motarmu, masu ƙwai da tukwane da tsofaffi kuwa ba sa shiga wata. Duk inda ya tsaya ba ya sakin sitiyari sai ya tambaya ko suna nan, an amsa masa. Labaran giwaye suka ragu a dandali. Liman har ya koma ga Allah bai janye fatawarsa ba, ya ce hukuncin daidai ne, sajen ne bai yi karatu ba.

Na haihu a Doguwa, namiji. Ana gobe suna maigida ya ari keke ya yi gaba, don ya san in ya jira motar sai dai ya tarar da yaye. Da safe aka raɗa suna yana zaune a ƙofar gidan ubana cikin farar riga, ya ji da kunnensa, aka yi masa barka. Baba, wanda ya taso tun kafin shi da ragon suna a bayan mota, bai iso ba sai bayan azahar, an riga an yanka wani ragon an raba. Ina ɗaki da jariri a cinya na ji kukan injin nan daga nesa, ya daɗe yana matsowa, har ya tsaya a ƙofar gida ya mutu. Sai muryar Baba, yana tambayar bayan motar da ba kowa a ciki sai rago da uwar mijina, ko suna nan.

Ba da ni yake ba, kuma mai jego ba ta ɗaga murya surukinta na waje. Amma na ce muna nan, Baba, da ƙarfi har mata suka juyo suna kallona.